Me ya sa dakatar da sabulun aski na Williams ya tayar da ƙura a Amurka?

A shekarar 1840 ne James B. Williams ya fara sarrafa sabulun aski a jihar Connecticut ta Amurka. Sabulun, wanda ake haɗawa da kitsen dabba, ya haura shekara 180 a kasuwa kafin kamfanin Combe ya daina yin sa a 2022.

Matakin ya fusata masu aski da buroshi da reza, domin araharsa ta sa ko mai ƙaramin ƙarfi yana iya saye. Wasu sun wawashe ragowar da ke kantuna, farashinsa kuwa ya yi tashin gwauron zabi a eBay.

Tun shekarun 1950 kumfar gwangwani ke janye masu saye daga irin wannan sabulu. Idan ciniki ya ja baya, daɗewar kaya a kasuwa ba ta cetonsa.