Gigin Tsufa: Shin A Zaunar Da Tsoho A Gida?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya rubuto cewa mahaifinsa ya haura shekara 70 kuma ya fara mantuwa, har sai an maimaita masa magana sau uku. Don tausayi, sun hana shi zuwa gona da kasuwa. Yana tambaya ko daidai suka yi, kuma ko akwai abincin da zai taimaka.

AMSA: To malam, Allah ya saka da alheri bisa kula da mahaifi. Amma maganar hana shi fita ɗin nan, a sake shawara.

Ita ƙwaƙwalwa da jini take aiki. Duk abin da ya lalata hanyoyin jini, kamar hawan jini da ciwon sukari da shan taba, to ita ma ya taɓa ta. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar gigin tsufa na da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Cikinsu akwai zama wuri ɗaya, da kaɗaici, da ciwon damuwa, da raunin ji. Ka ga ke nan, tsohon da aka raba da gonarsa da abokan hirarsa an haɗa masa biyu a lokaci guda, na ukun kuma yana tafe. Ba cewa muka yi ya koma huɗa da garma ba. Ya dai riƙa takawa ya duba shuka, ya je masallaci da ƙafa, ya zauna a rumfa ana ciniki, a kuma ci gaba da neman shawararsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a mako ake so, wato kamar rabin awa a rana har kwana 5. In ana tsoron ya ɓace, a haɗa shi da jika.

Batun abinci kuwa, ba sai an sayo na kanti ba. An taɓa gwada tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka, sakamakon ya fito a 2001: waɗanda gigin ke kamawa a shekara a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma hawan jini da sukari sun fi ƙaranci a cikinsu. Saboda haka tuwon dawa da gero, wake, zogale, rama, gyaɗa, kifi da nono sun wadatar. Abin ragewa shi ne gishiri, kada ya wuce ƙaramin cokali 1 a yini har da na dunƙulen miya, sai sukarin shayi da lemon kwalba.

Sai dai abinci ba ya warkar da cutar in ta riga ta kama. A kai shi asibiti a auna jini da sukari, a duba kunne da ido, domin wani tsohon ba mantuwa yake ba, ji ne ba ya yi. Ƙarancin sinadarin B12 ma kan kawo ruɗewa, kuma yana da magani. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu, a tafi da shi a ranar, kada a kwana.