Ragin bayan Sallah: ina riba take shiga?

'Yan atamfarmu na Tiendpalogo, waɗanda aikin ZACA ya watsa a 2003, shekarar gobarar kasuwar Rood Woko, da ka suke riƙe lissafi. Yau masu sari suna zuba shi a Excel, kuma a nan muke ganin inda kuɗi ke zurarewa.

Turmin da aka saro jika 8 ta sefa, aka sa masa jika 10, ribarsa kashi 25 cikin ɗari ce. Bayan Sallah sai a rage kashi 20, ana zaton saura 5, alhali turmin ya koma jika 8, kuɗin mota da haya ba su fita ba. Daga uwar kuɗi ake auna riba, ragi kuwa daga farashin sayarwa, shi ya sa muke ba kowanne layinsa, tare da ranar shigowar kaya.