Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Labarin Matan Makwanfur

'Yan'uwa manoma, kowane ɗan ƙungiya ya san ba a jira sai ruwan shuka ya sauka kafin a nemi iri da taki. Amma in aka zo kan haihuwa, wadda akan san lokacinta tun da sauran watanni, da yawanmu ba ma shirya kome sai naƙuda ta yi tsanani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 260,000 suka mutu saboda ciki ko haihuwa, watau fiye da 700 kowace rana. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan mata 'yan Nijeriya ne. A shekarar 2022 kuma jarirai wajen miliyan 2.3 suka mutu a duniya kafin su cika wata guda. Manyan abubuwan da ke kashe uwaye su ne zubar jini, da jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, da zazzaɓin da ƙwayoyin cuta ke sawa bayan haihuwa, da doguwar naƙuda. Dukansu akwai maganinsu a asibiti. Abin da ya fi ɓata al'amari shi ne jinkiri: a makara wajen yanke shawarar tafiya, a makara a hanya, a kuma makara wajen samun taimako bayan an isa. Jinkiri biyu na farko a gida da cikin gari suke aukuwa, saboda haka mutanen gari suna iya maganinsu. Ga labarin waɗansu matan ƙauye da suka gwada.

Abin da aka yi a Makwanfur

Makwanfur gunduma ce mai duwatsu a ƙasar Nefal, kudu da babban birninsu Katmandu. Mutanenta manoma ne talakawa, hanyoyinsu ba kyau, a lokacin kuwa fiye da mata 9 cikin 10 a gida suke haihuwa. Daga 2001 zuwa 2003 aka yi wani gwaji a can. Aka ware yankuna 24, aka inganta ɗakunan shan magani na dukansu. Amma a 12 daga ciki aka ƙara abu guda: taron mata sau ɗaya a wata.

Mai jagorar taron mace ce 'yar yankin wadda ta iya karatu da rubutu, ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba. Kowacce tana kula da ƙungiyoyi 9. Ba ta zo da allura ko ƙwayar magani ba. Aikinta shi ne yin tambaya. Da fari matan suka zauna suka faɗi matsalolin da suke gani wajen ciki da haihuwa da jego. Sa'an nan suka zaɓi waɗanda suka fi damunsu, suka yi shawarar abin yi, suka kira mazaje da dattawan gari suka gaya musu. Daga baya suka aikata, suka kuma sake zama domin a duba ko an ci nasara.

Dabarun da suka fito da su masu sauƙi ne. Waɗansu suka buɗe asusu, kowace mace tana zuba ɗan abin da ta iya, domin a ranta wa wadda ta shiga wahala. Waɗansu suka tanadi gadon ɗaukar mara lafiya, gama a kan duwatsun nan a kafaɗa ake sauko da mai naƙuda. Waɗansu suka riƙa haɗa ƙunshin kayan haihuwa masu tsabta. Waɗansu kuwa suka riƙa ziyartar masu sabon ciki gida-gida.

Da aka buga sakamako a 2004, ga abin da aka gani. Inda babu taro, jarirai 37 cikin kowane 1,000 suka mutu a watansu na fari. Inda ake taro, 26 ne. An sami ragi na wajen kashi 30 cikin 100 ke nan. Cikin haihuwa wajen 3,000 a kowane ɓangare, uwaye 11 suka rasu inda babu taro, 2 kuwa inda ake yi. Matan da ke yankunan taro sun fi zuwa awon ciki, masu karɓar haihuwarsu kuma sun fi wanke hannu.

Aka sake gwada wannan hanya a gabashin Indiya da Bangaladesh da Malawi. Ba ko'ina ta yi aiki daidai ba. An lura ta fi amfani inda aƙalla masu ciki 3 cikin 10 suke zuwa taron. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi amfani da ita a karkara inda asibiti ke da wuyar samu.

Ina ruwan ƙungiyarmu?

Ku duba da kyau. Taron wata-wata, da asusu, da ma'aji, da littafin lissafi, duk muna da su. Matanmu kuma sun saba da adashi da taron zumunta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun san haka wajen gayya da sayen taki. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya farawa da shi:

1. A ware asusun haihuwa dabam. Lokacin kaka kowa ya ba da mudu ko tiya, a sayar a ajiye. Ma'aji ya zama wanda za a iya tayarwa da tsakar dare, ya ba da rance ba sai an kira taro ba.

2. A shirya da mai mota tun da wuri, a daidaita kuɗi, kowane gida ya riƙe lambar wayarsa. A san hanyar da za a bi da damina in rafi ya kawo.

3. Maigida in zai yi tafiya, ya bar izini a fili cewa a kai matarsa asibiti ko ba ya nan.

4. Kowace mai ciki ta fara awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau 8. A kuma san mutum biyu da za su iya ba ta jini.

Alamun da ba a jira

Kowa ya haddace waɗannan, namiji da mace: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta wuce awa 12, hannu ko igiyar cibiya su riga fitowa, mabiyiya ta ƙi faɗuwa. In an ga ɗaya, a tashi nan take. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. Kada kunyar ɗan fari ta sa yarinya ta yi shiru a ɗaki, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Jariri kuwa a tsane shi nan da nan, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, a rufe su tare. A ba shi mama cikin awa ɗaya, kada a zubar da dakashi, gama yana tsare shi daga cututtuka. A jinkirta wanka har kwana ɗaya. A yanke cibiya da sabuwar reza, kada a sa mata toka ko kashin shanu.

Tambayoyi domin taronku na gaba

Mata nawa ne ke da ciki a garinku yanzu? In naƙuda ta yi wa ɗayarsu gardama yau da dare, motar wa za a kira, kuɗin kuma daga ina? Asibiti mafi kusa da ke iya ƙarin jini da yin aiki, mil nawa ne? Ku gayyaci mata da ungozomar gari su zauna tare da ku, ku rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, ku sa ranar da za ku sake dubawa.