Mene ne binciken salsalar Menonayit da Brethren?

Binciken salsala shi ne bin diddigin kakanni ta hanyar takardu. A Amurka, jikokin Kiristocin Menonayit da suka fara sauka Fensilbaniya a 1683, da na Brethren da suka baro Jamus a 1719, sun duƙufa a kansa.

Aikin da wuya, domin mutanen ba sa yi wa jarirai baftisma, don haka rajistar coci ba ta cika taimakawa ba. Sai a koma ga jerin fasinjojin jiragen ruwa na Filadelfiya tun 1727, takardun gonaki, wasiyyoyi, rubutun kaburbura, da sunayen 'ya'ya da iyaye kan rubuta a Littafi Mai Tsarki na gida. Ga kuma sauyin suna: Müller ya koma Miller.

'Yan cocin Brethren ɗin nan ne suka buɗe mishan a Garkida a 1923, tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN).