Yadda Muka Sabunta Wayoyin Tsohuwar Motar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da wata tsohuwar mota Land Rover wadda ta girme ni, ta girme shi kansa. Idan damina ta yi nisa hanyar ƙauyenmu ta koma taɓo, ita kaɗai ke iya kai mara lafiya asibitin birni. Cikin hutun bara, a watan Agusta, ya ɗauko wata mata mai naƙuda da dare. Suna tsakiyar daji sai fitilu suka ɗauke, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari. Sai da yaron mota ya hau kan bonet yana haska hanya da tocila kafin suka isa. Allah ya sa matar ta sauka lafiya. Washegari Kawu ya ɗauko mai gyaran wutar mota, wanda ake kira rewaya, ya ce a sabunta wayoyin duka. Ni aka sa in zama yaronsa, muka yi kwana shida muna aikin.

A Ingila aka soma ƙera irin wannan mota a 1948. Ta Kawu ita ce ƙirar da ake kira Series IIA, wadda aka soma yi a 1961, mai fitilu biyu kurkusa da juna a tsakiyar goshi. Gangar jikinta ta alminiyam ce, amma ƙashin bayanta, wato shasi, na baƙin ƙarfe ne. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Abin da Oga ya fara yi shi ne kwance batir, ya kuma soma da kan da ke haɗe da jikin mota. Dalili kuwa, idan ka soma da ɗaya kan, sifana ta kuskure ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona hannu. Da muka buɗe bayan allon sitiyari, kai, abin ba kyan gani! Robar wayoyin ta bushe tana farfashewa kamar ɓawon gyaɗa, ɓeraye sun ci rabonsu, kuma kowane mai gyara da ya taɓa motar ya bar nasa ƙulli. Mafi muni, a gurbin fis wani ya soka ƙusa.

Fis dai siririyar waya ce da aka yi ta don ta narke. Idan waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfe, wuta mai yawa kan kwararo, sai fis ya tsinke kafin sauran wayoyi su yi zafi. Ƙusa ba ta narkewa. Saboda haka daren nan wayar fitila ce ta ƙone a maimakonsa. Asali fis biyu kacal motar ta zo da su. Oga ya sa sabon akwati mai guda shida, ya raba wa fitilun gaba nasu, na baya nasu, hon nasa, don laifin ɗaya kada ya kashe duka.

A nan ne darasin kimiyya ya yi mini rana. Malaminmu ya koya mana cewa idan ka raba wat da bolt za ka sami amfiya. Ƙwan fitilar gaba wat 60 ne, batir kuwa bolt 12, ke nan kowane ƙwai yana jan amfiya 5, biyun kuma 10. Na lissafa wannan a ƙasa da tsinke. Oga ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, mu da ido muke ganewa." Amma wayar da ya zaɓa mai kauri ce, daidai da lissafina, domin siririya ba ta ɗaukar wannan nauyi sai ta yi zafi.

Launin waya ma ba ado ba ne. Motocin Ingila na zamanin suna da ƙa'ida. Mai ruwan ƙasa daga batir take, kullum da wuta a jikinta. Fara ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ja ta ƙananan fitilu ce da na baya. Shuɗiya mai ratsin fari ta hasken nesa ce, wanda direbobi ke kira ful, mai ratsin ja kuwa ta dim. Koriya mai ratsin ja tirafiketan hagu, mai ratsin fari na dama. Ba mu sami duk launukan a kasuwa ba, sai na riƙa naɗa 'yar takarda a bakin kowace waya ina rubuta sunanta.

To, sai baƙar waya, wadda ita ce ta fi ba mu wahala. Wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita daga batir ta kuma sami hanyar komawa. A mota, waya ɗaya ke kai ta, jikin motar ne ke mayar da ita. Baƙar waya ita ke haɗa kowace fitila da jikin. Ran kwana na huɗu mun gama fitilun baya, sai muka ga abin mamaki: in an taka burki, tirafiketa ya yi ɗan ja-ja, fitilar burkin kuwa kamar ta aci-bal-bal. Na rantse mun haɗa wayoyi a juye. Oga bai ce kome ba, ya kwance ƙusar da ke riƙe da baƙar wayar ya nuna mini wani farin gari a ƙarƙashinta. Inda alminiyam ya daɗe yana manne da baƙin ƙarfe, ga kuma laima, sai ya ciwu ya fid da wannan gari, shi kuwa ba ya barin wuta ta wuce. Da wutar ta rasa hanyarta, sai ta ratsa ta cikin ƙwan tirafiketa tana neman mafita. Muka goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, muka ja sabuwar baƙar waya kai tsaye zuwa shasi, muka ɗaure tam, muka shafe da giris. Nan take fitilar ta kama sosai. A ganina wannan ne ainihin aikin, gama ko yaro ya iya canza ƙwai, amma ba kowa ke tuna hanyar komawa ba.

Akwai wani abu kuma. Kafin 1967 irin waɗannan motoci kan batir mai alamar tarawa ake haɗawa da jiki, akasin motocin yanzu. Shi ya sa cajar wayar hannu ba ta yi a motar Kawu. Oga ya juya batir, ya musanya wayoyin kwayil da na agogon caji, sa'an nan ya ɗan taɓa ƙaramin kan dinamo da waya mai wuta don ya soma caji ta sabuwar fuska.

Ran kwana na shida muka sa zoben roba a duk hudar da waya ke ratsawa, muka naɗe su da tef. Bayan sallar isha Kawu ya fito da ita bakin gari ya kunna ful, har muna hango tsamiyar da ke bakin rafi. Ƙusar nan kuwa na taho da ita makaranta, tana cikin akwatina.