Shayi da Amana: Daga Mambila zuwa Fakku

Ya ku 'yan'uwana mata, a makon nan zancen masu shayi za mu yi. Ko wace uwargida ta san teburin mai shayi da ke bakin kasuwa, inda mai gida ke zuwa hira bayan sallar Lisha. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san hannu nawa kofin nan ya bi kafin ya iso Fakku, balle su san mu ma muna da namu hannu a ciki.

Ganyen shayi ba ya fitowa a ƙasar Kebbe da Tambuwal, gama yana son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa. A Nijeriya bisa tsaunin Mambila na Jihar Taraba ake nomansa, a Kakara kusa da Gembu, inda aka kafa babbar gona cikin shekarun 1970. Daga can ne Highland Tea yake fitowa. Kenya kuwa ta yi suna wajen baƙin ganye, a Mombasa ake gwanjonsa. Koren ganyen nan da Buzaye ke dafawa har sau uku cikin 'yar buta bisa gawayi, daga ƙasar Sin ake kawo shi. Citta daga wajen Kaciya take, a kudancin Kaduna, kanumfari kuwa Zanzibar ta shahara da shi.

To, yaya kayan nan ke zuwa gare mu? Da amana. Babban ɗan kasuwa a Sakkwato ko Jega yakan ba mai kanti na Tambuwal kaya, a biya daga baya. Mai kanti ya ba mai shayin ƙauye ganye da sukari da madara, shi ma sai ranar kasuwa. Mai burodi ya ajiye nasa da safe, ya karɓi kuɗi kashegari. Mai shayi kuma ya zuba wa manomi, ya jira har ya sayar da amfanin gonarsa. Lalle masu magana sun yi gaskiya, bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Har wa yau sana'ar tana da zumunci irin nata. Yaro yakan fara da wanke kofuna da hura wuta, in ya ƙware ubangidansa ya taimake shi da tebur da buta ya kafa nasa. 'Yan ci-raninmu da ke Ikko ko Badun sukan sauka wurin mai shayi ɗan garinsu. A teburinsa baƙo ke jin inda aiki yake, a wurinsa yake ba da ajiya, a nan kuma yake samun labarin gida.

An gwada amanar nan a shekarar 2023. A farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauyin naira, mai kuɗi a banki ya rasa abin sayen burodi. Da damina cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta yi tsada ƙwarai. A irin wannan lokaci, wanda aka san shi da biya shi ake ci gaba da ba kaya, wanda ya saba cin amana kuwa teburinsa ne ke fara tashi.

Ga inda muka shigo. Kayan ƙamshin da ke sa shayi daɗi, watau citta da kanumfari da masoro da kimba da na'ana'a, a cikin gida ake tsince su, a shanya, a daka, a tankaɗe. Mace tana cikin ɗakinta, amma sunan mai shayi yana cikin turminta. Kadan citta ta yi tsada ta ƙara wani gari don ya yi auki, bakin mai sha ba zai ɓoye ba. Ciniki ya gudu daga tebur, mai shayi ya kasa biyan mai kanti, ita ma ta rasa mai saye. Gara ki rage awo ki faɗi gaskiya, da ki cika gwangwani da algus.

Shawarata uku ce. Ta fari, ku haɗa kai ku huɗu ko biyar ku yi adashi, ku sayi citta da yawa da rani sa'ad da sabuwa ta shigo kasuwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta biyu, ku daidaita da mai shayi guda, mai gida ko wani babba ya riƙa kai masa kayan mako mako. Kada a ɗora wa yarinya talla ta bi tebura da dare, gobe kuma tana gyangyaɗi a aji.

Ta uku taku ce, 'yan makaranta. Ke da kika iya lissafi, nemi ɗan littafi ki riƙa rubuta wa inna abin da ta saya, da abin da ta bayar bashi, da ranar biya. Yawancin rigimar ciniki daga mantuwa take tasowa, ba daga mugunta ba. In akwai rubutu, ba a jin kunyar tuni, zumunci kuma ba ya ɓaci.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa.