Kaka, Lokacin da Yaro Ke Ganin Inda Tuwo Ya Fito

Iyaye da yawa sun ɗauka an gama koyar da godiya da zarar yaro ya iya cewa "na gode" in baƙo ya miƙa masa alewa. Wannan ladabi ne mai kyau, sai dai baki kawai ya koya. Yaron da bai taɓa ganin gumin da ke bayan malmalar tuwo ba, zai ci rabi ya ture sauran, ko a jikinsa. A duk shekara kuwa babu lokacin da gumin nan ke fitowa fili kamar kaka.

Geron da aka shuka da ruwan farko, wajen watan Yuni, yakan nuna cikin kamar wata uku, a girbe shi a Satumba. Dawa sai ta kai Nuwamba ko Disamba. Tsakanin nan ga cirar gyaɗa, ga roron wake, ayyukan da ko ɗan shekara shida zai iya sa hannu. A tafi da yara gona ko da wuni guda ne. Wanda ya sunkuya tun hantsi har azahar, ya ga ɗan abin da ya tara bai cika ƙwarya ba, ba sai an yi masa wa'azi a kan zubar da wake da shinkafa ba. In an gasa musu tumu a bakin gona, a nuna musu wanda ya yi noman fari da maimai, su gaishe shi da "sannu da aiki".

Inda darasin ya fi nauyi shi ne ranar fitar da zakka. Amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin, matuƙar ya kai nisabi, wato sa'i 300. Galibi magidanta kan yi wannan lissafi su kaɗai, yara na can suna wasa. A ganina asara ce. A kira su su ƙirga dammunan da kansu kafin a zuba a rumbu: tara namu, na goma ba namu ba ne. Yaro zai tambayi dalili, tambayar nan kuwa ita ake nema. A nan ne uba zai gaya masa cewa shi dai ya yi shuka da noma, amma ba shi ya saukar da ruwa ba, ba shi ya kare gonar daga fara da jan-baki ba. Kiristoci ma suna da ranar godiyar kaka, inda iyalai ke kai amfanin gona coci, yara na riƙe da nasu kason.

Haka al'adar kala. Mai gona ba ya hana yara da marasa hali tsintar abin da ya rage bayan girbi, kuma ya kamata 'ya'yansa su san da gangan ake kawar da kai.

Mazauna birni ba su da uzuri sosai. Wanda ke Kano zai iya kai yaransa kasuwar Dawanau su ga buhuna da masu dakonsu. Ko'ina kuma ana iya samo zangarniya a ba su su murje, su sheƙe, su auna abin da ya fita. Da dare, ana zaune gaban akushi, sai a sa su lissafo hannayen da tuwon ya bi: manomi, masu sussuka, direban da ya ɗauko, mai injin niƙa, mai ruwa, sannan wadda ta tuƙa, wadda sau da yawa ita ake mantawa.

In an yi tuwon sabon hatsi, yara za a aika da kwano gidan kakanni da maƙwabta. A koya musu su yi sallama, su durƙusa su ce "ga shi in ji Umma", kada su tsaya jiran tukwici, kada kuma su fita suna ba da labarin gidan da aka kai wa.